Faifan Mawaƙin Fiyano: Ƙarfinsa da Rauninsa, Bisa Misalin Waƙoƙin Aminu Ala

Masana adabin Hausa sun daɗe da raba waƙa gida biyu, watau waƙar baka da rubutacciyar waƙa. Ta farko ita ce ta makaɗa, irin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Shata, wadda a ke yi da kiɗa da 'yan amshi a gaban jama'a. Ta biyu kuwa ita ce ta malamai, irin su Sa'adu Zungur da Mu'azu Haɗeja da Aƙilu Aliyu, wadda a ke tsarawa a takarda bisa ma'auni da amsa-amo, a rera ta ba tare da kiɗa ba. A kan wannan rabo a ka gina koyar da waƙa a jami'o'i da makarantun horon malamai. Amma tun daga shekarun 1990 wani iri na uku ya ɓullo, har ya rinjayi sauran biyun a kunnen samari: mutum guda ya rubuta waƙarsa kamar malami, ya rera ta da bakinsa kamar makaɗi, sa'an nan na'ura ta yi masa kiɗa. Na'urar nan ita Hausawa su ke kira fiyano.

Manufar wannan takarda ita ce a auna faifan irin wannan mawaƙi, a ga abin da ya ƙara wa waƙar Hausa da abin da ya rage mata. An ɗauki waƙoƙin Aminu Ladan Abubakar, wanda a ka fi sani da Ala ko Alan Waƙa, su zama abin misali, domin a cikinsu ƙarfin da raunin duk sun fito fili. Abin da za a nuna shi ne ƙarfin faifan yana wajen alƙalami, rauninsa kuwa yana wajen kiɗa, kuma dalili guda ne ya haifi duka biyun.

1. Asalin fiyano da shigowarsa ƙasar Hausa

Sunan fiyano aro ne daga sunan wani babban abin kiɗa na Turawa mai tsirkiyoyin ƙarfe a ciki. Amma abin da a ke bugawa a ɗakunan ɗaukar waƙa na Kano ba shi da tsirkiya ko fata, wutar lantarki ce ta ke haɗa sautin. A cikinsa an ajiye muryoyin kayan kiɗa iri iri, da sarewa da ganga da molo da na Indiyawa, an kuma ajiye kaɗe-kaɗe shiryayyu waɗanda da an danna maɓalli sai su yi ta juyawa da kansu. Ke nan mutum ɗaya da yatsu goma ya isa ya tsaya a matsayin ƙungiyar makaɗa sukutum.

A Turai irin wannan kiɗa ya yi tashe daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa na 1980, musamman a Jamus da Ingila. A Afirka ta Yamma ma ba a makara ba. William Onyeabor na Inugu ya fitar da fayafai da irin waɗannan na'urori tsakanin 1977 da 1985. A Nijar kuwa Mamman Sani ya ɗauki kaset guda a gidan rediyon ƙasa na Yamai a 1978 da wata na'ura ƙirar Italiya, a ka yi ta sa kiɗansa tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin, har kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake buga shi a 2013. Sai dai aikin Mamman Sani kiɗa ne zalla, ga Bahaushe kuwa kiɗan da ba ya ɗauke da magana bai cika ba.

A Kano finafinan bidiyo su ka buɗe wa fiyano ƙofa. An fara su da Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, ba da daɗewa ba kuma masu shirya su su ka ɗauki al'adar finafinan Indiya ta saka waƙa da rawa a tsakiyar labari. Kamar yadda Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya bayyana a rubuce-rubucensa, ƙananan na'urorin kamfanin Yamaha, waɗanda a ke kira PSR, su ne su ka zama ginshiƙin kiɗan finafinan nan tun daga tsakiyar shekarun 1990, fim ɗin Sangaya na 1999 kuwa shi ya tabbatar da kasuwar. Daga finafinai fiyano ya bazu zuwa waƙoƙin begen Annabi, da na siyasa, da na biki. Daga baya kwamfuta ta karɓi yawancin aikin, amma sunan bai sake ba.

2. Mawaƙin da waƙoƙinsa

An haifi Aminu Ala a birnin Kano a 1973. Kafin a san shi da waƙa an san shi da rubutun littattafan ƙagaggun labarai, wannan kuwa abin lura ne, gama da alƙalami ya shigo fagen, ba gadon kiɗa ya yi ba. A da kiɗa sana'ar gado ce, ɗa ya tashi yana bin ubansa ko ubangidansa, ya fara da ɗaukar kaya, ya koma amshi, ya daɗe kafin ya ja waƙa. Ala da tsararsa ba su bi wannan hanya ba.

Waƙoƙi biyar sun isa su nuna faɗin abin da ya taɓa. Jami'a tana magana a kan neman ilmi mai zurfi da wahalarsa. Baubawan Burmi kuka ce a kan shugabanci da yadda jama'a su ke zaɓen masu jagorancinsu. Bakan Dabo yabo ne ga Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, wanda ya yi sarauta daga 1963 zuwa 2014, sunan waƙar kuwa yana komawa ga kakan gidan, Sarki Ibrahim Dabo. Shahara tana duban ɗaukaka da abin da ke biyo bayanta. Hasbunallahu kuma addu'a ce ta wanda ya ke ganin an zalunce shi, ita ce kuwa ta jawo a ka kama shi a 2009, a ka gurfanar da shi bisa ƙarar Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, cewa ya fitar da waƙa ba a tace ta ba. Wannan shari'a kaɗai ta isa shaida cewa faifan fiyano ba wasan yara ba ne, tun da hukuma ba ta kan damu da abin da ba a saurara ba.

3. Inda ƙarfin ya ke

Ƙarfi na farko shi ne tsari. Mawaƙin baka yana ƙirƙira a fage, idonsa a kan wanda ya ke yi wa waƙa, saboda haka ya kan maimaita, ya kan tsallaka daga wannan zance zuwa wancan, gindin waƙar ne kaɗai ya ke riƙe ta. Mawaƙin fiyano kuwa yana da kwanaki ya zauna da takarda, ya soke, ya gyara. Wanda ya rubuta waƙar Ala daga faifai zai tarar da baitoci masu yawan ɗango daidai, da amsa-amo a ƙarshensu, da zance mai bin juna daga farko har ƙarshe. Ana iya ɗora ta a allo a yi mata irin nazarin da a ke yi wa waƙar Aƙilu Aliyu. Jigogin da dā a ke ganin na malamai ne, irin su ilmi da halin ƙasa da gargaɗi, sun sami hanyar shiga kiɗa.

Ƙarfi na biyu shi ne isar da rubutacciyar waƙa ga wanda bai iya karatu ba. Wannan matsala tsohuwa ce. Imfirajin Aliyu Namangi ba littafi ne ya kai ta lungu lungu ba, makafi da almajirai ne su ka haddace ta su ka yi ta rerawa a ƙofofin gidaje da tashoshi. Aƙilu Aliyu ma rediyo da kaset su ka sa a ka san muryarsa. Faifan fiyano ya yi wannan aiki ya zarce. A garuruwan yammacin Kano irin su Gwarzo da Kabo, da ƙauyukan da ke kewayensu irin su Unguwar Tudu, waƙar da a ka ɗauka a birni ba ta jiran mai littafi. Tun da wayar hannu ta yawaita bayan 2001, a rumfar masu cajin waya a ke tura wa mutum waƙoƙi, ya tafi da su gona ko kiwo. Ta haka manomin da bai taɓa riƙe littafin waƙa ba ya kan haddace baiti mai amsa-amo, ya ji kalmar da kakansa ya sani amma shi ta ɓace masa.

Ƙarfi na uku shi ne 'yancin mawaƙi. Makaɗin fada yana da ubangida, shi ke ba shi doki da riga da hatsi, don haka akwai iyakar abin da zai faɗa. Yana kuma da ƙungiya ta mutum biyar ko goma waɗanda dole ya ciyar. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya kuɓuta daga wannan nauyi saboda kuntiginsa shi kaɗai ya ke kaɗawa, shi ya sa ya sami sukunin yi wa ɗan adam da karen mota da talakawa waƙa. Fiyano ya ba kowane mai alƙalami irin wannan dama. Wanda ya iya biyan kuɗin yini guda a ɗakin ɗaukar waƙa ya iya faɗin abin da ke ransa, ko da ba zai yi wa masu iko daɗi ba.

4. Inda raunin ya ke

Rauni na farko, wanda ya fi sauran girma, shi ne kiɗan ya daina magana. Hausa harshe ne mai karin sauti, kowace gaɓa ko dai ta hau ko ta sauka ko ta faɗo, ma'ana kuwa tana rataye da wannan. Kuka na hawaye da kuka ta miya baƙaƙensu ɗaya, haka wuya na jiki da wuya ta wahala, karin ne ya raba su. Kalangu an yi shi ne domin wannan hali na harshe. Makaɗi yana matse tsirkiyoyinsa a hammata fatar ta ɗaure sautin ya hau, ya saki ya sauka, yana kuma iya jan sauti daga sama zuwa ƙasa ba yankewa. Da haka ya ke kiran sunan mutum, ya yi takensa, ya yi habaici, jama'a su gane ba a buɗe baki ba. A waƙar Shata kalangu abokin zance ne, mawaƙi ya faɗa ganga ta amsa. Fiyano kuwa an yanka sautinsa matakai goma sha biyu tsayayyu bisa ma'aunin Turawa, muryar gangar da ke cikinsa hoton bugu guda ne da a ka ɗauka a ka ajiye. Yana iya riƙe lokaci, amma ba ya kiran sunan kowa. A faifan Ala dukan maganar tana bakin mawaƙi, kiɗan shimfiɗa ce kawai.

Rauni na biyu shi ne na'ura ba ta jira. Makaɗin hannu yana kallon bakin jagora, in ya ja dogon wasali ya dakata masa, in ya zo wurin da ya ke so ya tsuma mutane ya ƙara wuta. Kiɗan fiyano kuwa da gudun da ya fara da shi ya ke ƙarewa. Ke nan mawaƙi ne ke bin kiɗa, alhali a da kiɗa ke bin mawaƙi. Abin da ya kan biyo baya shi ne a gajarta gaɓa mai nauyi ko a ja marar nauyi don ta shiga bugu, ko a hau da gaɓar da a magana sauka ta ke yi. Ala ya fi yawancin tsararsa kiyaye wannan, domin ya san ma'auni, amma a waƙoƙin soyayya na kasuwa aibin ya yi yawa. Sa'an nan tun da kaɗe-kaɗen da ke cikin na'ura ƙididdigaggu ne, masu bugawa kuma sun saba da kaɗan daga cikinsu, sai a ji waƙar addu'a da ta biki da ta yabon sarki duk a kan kiɗa mai kama da juna. A da kuwa kiɗan kansa ya kan gaya wa mai sauraro inda ya ke: kotso da taushi na fada, kalangu na mahauta da 'yan mata, gangar noma ta gayya, ƙwarya ta mata a cikin gida.

Rauni na uku shi ne mutuwar amshi. 'Yan amshin Ɗanƙwairo ba maimaici kaɗai su ke yi ba, su kan karɓe ɗan waƙa daga bakin jagora su ƙarasa, su kan yi ƙari, shi kuma ya sami numfashi ya shirya na gaba. A faifan fiyano amshi sau ɗaya a ke rera shi, kwamfuta ta kwafa ta liƙa a bayan kowane baiti. Ga kuma na'urar gyaran murya, wadda a ka fara sayarwa a Amurka a 1997, ta ke jan kowace murya ta daidaita ta da matakan fiyano. Tana rufa asirin wanda muryarsa ba ta kai ba, amma tana share abin da ya ke bambanta wannan maƙogwaro da wancan. Wanda ya ji Shata ko Barmani Choge sau ɗaya ba ya sake ɓata su, mawaƙan zamani kuwa da yawa sai sun ambaci sunansu a cikin waƙa kafin a san ko su wane ne.

Akwai rauni na huɗu wanda ya fi shafar Ala shi kansa, shi ne nauyin kalmomi. Yana son tsohuwar Hausa da Larabci da zance mai lulluɓi. A takarda wannan ado ne, gama mai karatu yana iya tsayawa ya koma baya ya tambaya. A faifai kuwa kiɗa ya riga ya wuce da baitin, sai mai sauraro ya riƙe daɗin ya bar ma'anar. Har wa yau 'yancin da a ka ambata a sama bai cika ba. Tun da tura waƙa a waya ya kashe cinikin kaset da faifai, mawaƙi ba ya samun abin kirki daga masu sauraro, sai ya koma ga sarakuna da attajirai da 'yan siyasa. An fita ta ƙofar ubangida an komo ta taga.

In an duba da kyau za a ga abin da ya kawo ƙarfin shi ya kawo raunin. Raba mawaƙi da fage da ƙungiya shi ya ba shi lokacin tsara baiti da 'yancin faɗin ra'ayinsa, shi ne kuma ya raba shi da gangar da ke amsa masa da jama'ar da ke motsa shi.

5. Abin da ya shafi makaɗan karkara

Maganar ba ta tsaya ga daɗin kunne ba, ta taɓa abincin mutane. A ƙauyukan ƙasar Gwarzo da Kabo, kamar sauran karkarar Kano, kaka ita ce lokacin aure da dambe da kokawa, ita ce kuma kasuwar makaɗa. Yau a bukukuwa da yawa mai biki ya kan ɗauko saurayi guda da lasifika da janareta, wanda a ke kira dije, ya sa faifai har dare, kuɗinsa kuwa bai kai na ciyar da ƙungiyar makaɗa ba. Ɗan makaɗi da ya ga haka ba ya zama ya koyi ɗaure fata ko taken gidaje. Taken nan kuwa ba a rubuce su ke ba, a hannu su ke, ran da hannun ya kwanta sun tafi ke nan. Littafin da David Ames da Anthony King su ka buga a 1971 a kan kalmomin kiɗan Hausa ya tara sunayen kayan kiɗa da kaɗe-kaɗe masu yawa, zai kuwa yi kyau a gwada karanta su ga ɗaliban aji guda a ga nawa su ka taɓa ji. Fagen dambe ne ya fi riƙe kiɗan hannu, domin ɗan dambe ba ya tsuma sai kalangu ya kira shi da takensa, wannan kuwa aiki ne da faifai bai iya ba.

6. Abin da ya kamata malamai su yi

Ba daidai ba ne malami ya kori waƙar fiyano daga aji don ba ta shiga ɗayan gidajen nan biyu ba, gama ita ɗalibansa su ka tashi da ji. Ba daidai ba ne kuma ya auna ta da ma'auni guda. Hanyar da Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya shimfiɗa a Jagoran Nazarin Waƙar Baka na 1993 tana tambayar kiɗa da amshi da wurin da a ka yi waƙa, hanyar nazarin rubutacciyar waƙa kuwa tana tambayar ma'auni da amsa-amo da zubin baiti. Faifan fiyano sai an bi da shi ta duka biyun. Ta hanya ta biyu waƙar Ala za ta fito da daraja, ta hanya ta farko za a ga gurbin da na'ura ta bari.

Akwai aiki mai sauƙi da kowace makarantar horon malamai za ta iya. A ba ɗalibai baiti uku na waƙar fiyano su rubuta, su sa wa kowace gaɓa alamar nauyi da ta karin sauti kamar yadda a ke faɗinta a magana, sa'an nan su saurari faifan su nuna inda rerawa ta saɓa. A yi haka kuma da ɗiya uku na waƙar Shata ko Ɗanƙwairo, a gwada. Bayan haka ɗalibin da ya tafi hutu garinsu ya nemi makaɗin unguwarsu, ya ɗauki taken da ya sani da wayar da ke aljihunsa, ya rubuta maganar da kowane take ya ke ɗauke da ita, ya kawo wa sashe a ajiye.

Ga mawaƙa kuwa, ba abin da ya hana a shigar da mai kalangu ko mai kotso ɗakin ɗaukar waƙa, a bar fiyano ya riƙe lokaci, ganga ta yi maganarta, a kuma bar 'yan amshi su rera kowane amshi da bakinsu. Kuɗin zai ƙaru kaɗan, amma mawaƙi mai alƙalamin Ala ya cancanci kiɗan da zai iya amsa masa, makaɗin Unguwar Tudu kuma ya sami dalilin koya wa ɗansa.